Garin kwaki na je saye a Harlesden

Ranar Asabar da ta wuce na ɗauki 'yata muka hau bas mai lamba 18 zuwa Harlesden, a arewa maso yammacin Landan. Garin kwaki ne ya kai ni. Wani abokin aiki ya ce min 'yan Brazil ma suna cin garin rogo, soya shi suke yi da man shanu da albasa su barbaɗa a kan shinkafa da wake, suna kiransa farofa. Na ce gani ya kori ji.

Shagon bai fi ɗakin zaure ba. Tutarsu mai kore da rawaya tana maƙale a taga. A ƙofa baburan masu kai abinci ne a jere, kowanne da akwati a baya, masu su na tsaitsaye da hular kwano a hannu suna kurɓar kofi a ɗan mitsitsin kofi. A ciki akwai gilashi cike da wasu 'yan ƙwallayen burodi na sitacin rogo da cuku, masu ɗumi, da gwangwanayen lemonsu na guaraná. Talabijin na nuna ƙwallo. Bango kuwa duk takardu ne: ɗakin haya, ana neman mai goge-goge, ga mai gyaran gashi. Ko ɗaya ba da Turanci ba.

Ɗan mai shagon na zaune kan buhun wake, bai wuce shekara bakwai ba, yana ta zuba wa kakarsa surutu a waya da harshen Fotugal da ake yi a Brazil, har da kwaikwayon wani. Uwar ta ce min a nan Landan aka haife shi. Sai ta juya wajen 'yata da fara'arta ta ce, “Ke fa, yaya ake godiya da yarenku?”

Yarinyar nan ta ɗaga kai ta kalle ni. Shekararta tara. Sai da na raɗa mata “na gode”, ta maimaita kamar Baturiyar da ta zo yawon buɗe ido kasuwar Kurmi. Matar ta yi dariya, ba da mugun nufi ba, ta ce ita nata idan ya yi mata Turanci a gida kurma take zama. Na biya kuɗin gari na fito, kunnena na zafi.

A bas na yi ta nema wa kaina hujja, kuma na samu. Su suna da yawa. Ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda aka haifa a Brazil sun haura 100,000 a Ingila da Wales. Sun taru a Harlesden da Willesden da Stockwell. Da yawansu sun shigo ne da fasfon Italiya ko Fotugal da suka gada ta wajen kakanni, tun kafin Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020. Mu kuwa wani likita ne a Hull, wani ɗalibi a Coventry, wani yana gadi a Luton, kowa da igiyar biza a wuya. Na kuma san ba a kan katifa suka samu wurin ba. Duk wanda ya bi ta ƙofar tashar Stockwell zai ga hoton Jean Charles de Menezes, ɗan Brazil mai gyaran lantarki, ɗan shekara 27, da 'yan sanda suka harbe ranar 22 ga Yuli, 2005, bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne.

To amma hujjar yawa ba ta gamsar da ni ba. Mu ne fa masu zango. Je ka Kumasi, je ka Nima a Akara, je ka Sabo a Ibadan, jikan jikan fatake yana Hausa, har maƙwabta sun koya a bakinsa. Kakanninmu da aka kwasa a jirgin bayi zuwa Bahia, a can Brazil ɗin, ba su bar kansu sun narke ba: an kama Hausawa da shirin tawaye a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka tashi a birnin Salvador cikin azumin 1835, da layu da rubutun Larabci a jikinsu. Daga wannan Landan ɗin BBC ta fara watsa Hausa a rediyo a 1957. Yarabawa sun mayar da Peckham ƙaramar Legas. Mu ina zangonmu?

Gaskiyar ita ce mu kunyar harshenmu muke ji a nan, mun kuma sa wa kunyar suna wayewa. Ka je taron Sallah, iyaye na gaisawa da Hausa, da sun juya kan yara sai baki ya karkace. Wanda ɗansa ya fi iya laƙwasa harshe shi ne ya ci gaba. Zauren WhatsApp ɗinmu kuwa ba a rasa mu da gardamar siyasar gida da ta Izala da ɗariƙa, amma ajin Hausa na ranar Asabar da aka yi shekara uku ana maganarsa har yau ana neman wanda zai shugabanci kwamiti. Su kuwa 'yan Brazil masu goge ofis da asuba sun riƙe nasu gam.

Kada wani ya ce na fifita su. Da nashaɗinsu da shigarsu da naman aladen da ke cikin wakensu, su riƙe abinsu. Zumuncinmu ma ban ga na biyunsa ba. Sai dai zumuncin nan a gida na baro shi, wurin da ba sai an koya wa yaro komai ba: a aike shi gidan gwaggo, ya tsaya wajen mai ƙosai, ya sha zagin kaka, ya dawo da Hausa cike da baki. Ni ban taɓa sanin aiki ba ne sai da ya rage ni kaɗai ne zan yi.

Da dare na jiƙa garin da sukari da ƙuli-ƙulin da ya rage min. Bai yi tsamin namu ba. Na kira Hajiya na miƙa wa yarinyar waya. Ina jin muryarta daga nan: “Kishiyata, kin ƙwace min miji kin ɓuya ko? Yaushe za ki zo in gan ki?” Yarinyar ta ce “lafiya lau”, ta miƙo min.

Hajiya ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, “Ita wannan ba ta da surutu ne?”

Na ce, “Barci take ji, Hajiya.”