Börje Salming da farashin da ya biya kafin a yarda da 'yan Turai a wasan hokin ƙanƙara

A daren 11 ga Nuwamba 2022, a filin wasan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Toronto Maple Leafs da ke Kanada, an fito da wani dattijo ɗan ƙasar Suwidin mai shekara 71 a gaban dubban 'yan kallo, kuma duk suka miƙe tsaye suna tafi. Dattijon bai iya cewa komai ba, domin cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsokar jiki, ta riga ta ɗauke masa magana. Tsohon abokin wasansa Darryl Sittler, wanda ke tsaye kusa da shi yana hawaye, shi ne ya kama hannunsa ya ɗaga masa domin ya amsa gaisuwar jama'a. Bayan kwana goma sha uku, ranar 24 ga Nuwamba, Börje Salming ya mutu.

Tun daga lokacin, duk wanda ya tashi yabon Salming sai ya faro daga jimirinsa: an dake shi bai gudu ba, an yanke shi ya dawo fili, saboda haka ya wanke 'yan Turai daga zargin tsoro. Wannan gaskiya ce, kuma ba na neman rage masa komai daga cikinta. Abin da ya dame ni shi ne yadda yabon yake zamewa daga kan mutumin ya koma kan jarrabawar da aka yi masa, har mai sauraro ya ɗauka cewa dukan da ya sha wata hanya ce da ta dace a bi wajen tantance gwani. A ganina ba haka ba ne. Salming ya cancanci girmamawar da aka yi masa, amma tsarin da ya tilasta masa zubar da jini kafin a dubi gwanintarsa tsari ne na zalunci, kuma ya kamata a riƙa faɗin abubuwan biyu tare.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ana buga shi ne a kan daskararriyar ƙanƙara, kowane ɓangare da 'yan wasa shida har da mai tsaron raga, suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa wanda suke sulɓi a kansa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna masu lanƙwasa. An halatta bangaje abokin hamayya da jiki, kuma a nan ne aka daɗe da samun bambanci tsakanin Turai da Arewacin Amurka. Filin da ake wasa a Turai ya fi faɗi, kusan mita 30, yayin da na gasar NHL ta Kanada da Amurka bai wuce mita 26 ba, don haka ɗan wasan Turai ya tashi da sararin yin dabara, na Kanada kuwa ya tashi cikin cunkoso da gwabzawa a jikin katanga. Sai a 1969 ne dokar wasannin ƙasa da ƙasa ta halatta bangaza a ko'ina cikin fili. Haka kuma wanda ya yi dambe a wasan Turai korarsa ake yi, alhali a NHL zaman minti biyar a gefe ne hukuncinsa. Wato mutanen Turai ba tsoro ne ya raba su da dambe ba, doka da tarbiyyar wasa ce ta bambanta, amma masu ƙungiyoyin Kanada suka fassara wannan bambanci da ragwanci, har ake yi wa 'yan Suwidin laƙabi da kaji. Ulf Sterner, ɗan wasa na farko horarre a Suwidin da ya buga a NHL, wasa huɗu kawai ya yi wa New York Rangers a 1965, daga baya ya koma gida, kuma aka riƙe wannan a matsayin hujja a kan al'umma guda.

Salming bai fito daga gidan hutu ba. An haife shi ranar 17 ga Afrilu 1951 a yankin Kiruna, garin haƙar tama da ke can ƙuryar arewacin Suwidin, inda rana ke ɓacewa na makonni a tsakiyar hunturu. Mahaifinsa ɗan ƙabilar Sami ne, mutanen asali na wannan yanki, kuma ya mutu a hatsarin mahaƙar ma'adinai lokacin da yaron yake da shekara biyar. Ya fara wasa a ƙungiyar garinsu, sannan ya bi sahun yayansa Stig zuwa Brynäs ta birnin Gävle, inda suka ɗauki kofin ƙasa a 1971 da 1972. Gerry McNamara, mai farautar 'yan wasa na Toronto, ya gan shi a can, kuma a 1973 ƙungiyar ta ɗauke shi tare da ɗan ƙasarsu Inge Hammarström.

Ya isa NHL a lokacin da wasan ya fi kowane zamani muni. Ƙungiyar Philadelphia Flyers ta mayar da tsoratarwa dabarar cin wasa, kuma ta ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da ita a 1974 da 1975. Ɗan wasanta Dave Schultz shi kaɗai ya tara minti 472 na hukunci a kaka guda, adadin da har yau ba a wuce shi ba. Baƙo daga Turai mai iya sarrafa faifai shi ne abin harin farko. An yi ta sukar Salming da sanda, ana zaginsa, ana tsokanarsa domin ya yi faɗan da bai koya ba. A wasannin neman kofi na 1976, Mel Bridgman na Philadelphia ya yi masa dukan da ya sa hukumomin shari'a na lardin Ontario suka tuhumi Bridgman, tare da wasu abokan wasansa da aka tuhuma kan rikicin wasannin. Wannan batu yana da muhimmanci a gare ni, domin yana nuna cewa ko a wancan zamani akwai waɗanda suka gane abin da ake yi laifi ne, ba al'adar wasa ba. Saboda haka uzurin da ake kawowa cewa haka zamanin yake bai gamsar da ni ba.

Duk da haka ya yi wasa irin wanda ba a saba gani ba daga mai tsaron baya. Yana kwanciya ya tare faifai da jikinsa, sannan ya tashi ya ɗauko shi daga bayan ragarsu ya ratsa fili har gaban ragar abokan hamayya. A kaka 16 da ya yi a Toronto ya buga wasa 1,099, ya ci 148, ya kuma miƙa faifan da aka ci sau 620, kuma har ya mutu babu ɗan wasan ƙungiyar da ya kai shi a wannan fanni, ko da a cikin 'yan gaba. Shekara shida a jere, daga 1975 zuwa 1980, ana sanya shi cikin jerin gwanayen 'yan wasan gasar na shekara, a sahun farko a 1977, kuma sau biyu yana zuwa na biyu a takarar Kofin Norris da ake bai wa gwarzon masu tsaron baya. A gasar Kofin Kanada ta 1976 ya shigo filin Toronto sanye da rigar Suwidin, amma 'yan kallo suka miƙe suka yi masa doguwar tafi. Shekara uku kacal ke nan da zuwansa.

Wanda zai ƙalubalance ni yana da abin faɗa, kuma ba ƙarami ba ne. Zai ce wasan hoki wasa ne na haɗuwar jiki, wanda ba ya iya jurewa ba shi da wuri a cikinsa, kuma da Salming bai jure ba da ƙofar ta daɗe a rufe. Na yarda da rabin ƙarshe. Amma akwai bambanci tsakanin bangazar da doka ta halatta da sukar mutum da sanda saboda ƙasar da ya fito, kuma hanya mafi sauƙi ta ganin asarar da tsarin ya jawo ita ce a dubi abokin tafiyarsa. Hammarström gwani ne, ya ci sama da 100 a kaka shida da ya yi a NHL, amma ba mai faɗa ba ne, kuma mai ƙungiyar Toronto na lokacin, Harold Ballard, ya yi masa ba'a a bainar jama'a cewa zai iya shiga kusurwar fili da ƙwai shida a aljihu ya fito babu wanda ya fashe. Wannan magana ta bi shi har ya koma gida a 1979. Mutumin da aka raina shi ne daga baya ya zama mai farautar 'yan wasa, kuma idonsa ne ya sa Philadelphia ta zaɓi Peter Forsberg a 1991, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan da Suwidin ta taɓa fitarwa. Idan jarrabawa ta karɓi Salming ta zubar da mai irin wannan fahimtar wasa, to ba gwaninta take aunawa ba, tana auna yawan azabar da jiki zai iya ɗauka ne.

Jikin Salming ya ɗauka da yawa. A Nuwamba 1986, a wasa da Detroit, ya faɗi a gaban ragar Toronto, ƙarfen takalmin Gerard Gallant ya tsaga masa fuska bisa kuskure, sai da aka yi masa ɗinki sama da 200. Hoton fuskarsa bayan ɗinkin ya zama abin da ake nunawa don alfahari, ni kuwa abin da yake tuna mini shi ne jinkirin gasar wajen kare 'yan wasanta: sai a 1979 aka wajabta hular kwano ga sababbin 'yan wasa, gilashin kare ido kuma sai a 2013. A shekarar 1986 ɗin ce kuma aka dakatar da shi wasa takwas bayan ya amsa wa wata jarida cewa ya taɓa gwada hodar ibilis shekaru da suka wuce. Kuskure ne, kuma bai kamata masu yabonsa su ɓoye shi ba, ko da yake da bakinsa aka ji.

Bai taɓa ɗaukar Kofin Stanley ba, kuma akwai masu auna ɗan wasa da kofi kaɗai. Toronto ba ta sake ɗaukar kofin ba tun 1967, kuma shekarun ƙarshe na Salming a can sun faɗo cikin lokacin da shugabancin ƙungiyar ya taɓarɓare, don haka ban ga adalci a ɗora wa mai tsaron baya ɗaya nauyin gazawar ƙungiya ba. Ya yi kaka ɗaya a Detroit, ya koma gida ya buga wa AIK, har ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta 1992 yana da shekara 40. A 1996 ya zama ɗan Suwidin na farko da aka shigar zauren girmama gwarzayen wasan da ke Toronto.

Waɗanda suka biyo bayansa sun sami abin da shi bai samu ba, wato a dubi wasansu tun ranar farko. A 1989 Mats Sundin ya zama ɗan Turai na farko da aka ɗauka a lamba ta ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na NHL, daga baya kuma ya zama kyaftin na Toronto. Nicklas Lidström, mai tsaron baya wanda kusan ba a san shi da dambe ba, ya ɗauki Kofin Norris sau bakwai da Kofin Stanley sau huɗu, kuma a 2008 ya zama kyaftin na farko haifaffen Turai kuma horarre a can da ya jagoranci ƙungiya ta ɗauki kofin. Rayuwar wasan Lidström ita ce babbar hujjata, domin ta nuna cewa natsuwa da iya tsayuwa a wurin da ya dace sun isa su kai mai tsaron baya ƙololuwa, kuma da ya zo a 1973 da wuya a ba shi lokacin da zai nuna hakan.

Washegarin wancan dare na Nuwamba 2022 an sake karrama Salming a filin, kuma Toronto ta fara wasanta da Vancouver da 'yan wasa shida, dukansu 'yan Suwidin, tun daga mai tsaron raga har 'yan gaba. Babu ɗaya daga cikinsu da aka nemi ya fara nuna zai iya shan duka kafin a ba shi riga.