Kafin a kwance na'urorin SDH, a tuna abin da suka zo gyarawa

Duk injiniyan sadarwar da ka zauna da shi a 'yan shekarun nan, zancensa bai wuce yadda kamfanoni ke kwance na'urorin SDH, wato tsarin tura kiran waya da bayanai a manyan layukan sadarwa, suna sa na Ethernet, fasahar haɗa kwamfutoci, a madadinsu ba. Ban ce kada a kwance ba. Abin da ke damuna shi ne ana yi wa fasahar kallon tsohon kaya, alhali da yawa daga masu yanke wannan hukunci ba su san irin ciwon kan da ta warkar ba.

Kafin zuwanta, kowace na'urar tura sako tana da agogonta. Agogunan sun kusa daidaita, amma ba su daidaita ba. A tsarin Turai, layin E1 mai gudun megabit 2 a daƙiƙa yana ɗaukar kiran waya 30. A haɗa huɗu a samu megabit 8, a sake haɗawa a samu 34, daga nan sai 140. Tun da agogo sun saɓa, a kowane mataki sai an cusa wasu bit, wato ƙwayoyin bayanai, na cike gurbi. Sakamakon haka, idan babban layi ya ratsa wani gari kana son sauke E1 ɗaya tak, dole ka warware 140 zuwa 34, ka warware 34 zuwa 8, ka warware 8 zuwa 2, ka ɗauki naka, sannan ka sake ɗaure sauran kamar yadda ka same su. Ƙulli ne a cikin ƙulli a cikin ƙulli, kuma kowane ƙulli da akwatin na'urarsa da tarin wayoyinsa. Ga Amurka kuma da nata T1 mai kira 24, wanda bai jitu da na Turai ba.

A tsakiyar shekarun 1980 cibiyar bincike ta Bellcore a Amurka ta fito da tsarin SONET, a 1988 kuma hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta duniya CCITT, wadda yanzu ake kira ITU-T, ta amince da ɗan'uwansa SDH. Dabarar ba ta da wuyar faɗa: kowa ya bi agogo ɗaya, wanda asalinsa agogon atom ne. Ana tura ƙunshin bayanai a cikin zaren gilashi sau 8,000 a kowace daƙiƙa. Ba a banza aka zaɓi wannan adadi ba, sau 8,000 ake ɗiban muryar mutum a daƙiƙa idan za a mayar da ita lamba, don haka kowane gurbi a cikin ƙunshin kira ɗaya ne cif. Matakin farko, STM-1, megabit 155.52 ne, yana ɗaukar E1 har 63, kuma akwai alamar da ke nuna inda kowanne ya fara. Na'ura sai ta miƙa hannu ta zari wanda take so, sauran su wuce abinsu. Shi kansa 155.52 ɗin ninki uku ne na 51.84 da SONET ya fara da shi, a nan Amurka da Turai suka haɗu. Daga nan ninki huɗu-huɗu ake hawa, har STM-64 mai kusan gigabit 10.

Amma ni a wurina babbar kyautar ita ce zobe. Ana shimfiɗa layin ya zagayo ya dawo inda ya fara. A ce motar haƙa ta sara kebul a gefen titi da tsakar rana. Na'urorin da ke kan zoben za su gane hasken ya ɗauke, su juya sakon ya bi ta ɗaya ɓangaren cikin kashi ɗaya bisa 20 na daƙiƙa. Ƙiftawar ido ta fi haka daɗewa. Mai magana a waya yana tsakiyar kalma, ba zai ma san an yi ba. Ban da wannan, kowane ƙunshi yana tafe da bayanan duba lafiyar layi, ta yadda ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta zai ga tsakanin wace tasha da wace kurakurai suka fara yawa tun kafin mai amfani ya kawo ƙorafi.

Masu suka suna da gaskiyarsu. SDH don murya aka yi shi, gurbin da aka ware maka naka ne ko kana amfani da shi ko ba ka yi, bayanan intanet kuwa zuwa suke a guguwa su lafa. Asara ce, kuma na'urorin da tsada. Shi ya sa manyan layuka suka koma OTN, sabon tsarin tura bayanai a zaren gilashi, da Ethernet.

Sai dai a dubi waɗanda suka ƙi sakinsa da wuri. Kamfanonin wutar lantarki suna cikinsu, domin na'urorin da ke katse wuta idan babban layi ya samu matsala suna buƙatar sako ya iso a ƙayyadajjen lokaci, ba yau da sauri gobe da jinkiri ba. Su ma masu Ethernet, da suka zo haɗa turakun wayar salula, sai suka tarar ba a yi sai da agogo ɗaya, dole aka ƙirƙiro SyncE aka kuma ɗauko ƙa'idar IEEE 1588, hanyoyin daidaita agogo a kan Ethernet, don a dawo da shi ta bayan gida. Har yau kuma, idan mai sayar da sabuwar na'ura yana son nuna ingancin kayansa, da wancan kashi ɗaya bisa 20 na daƙiƙa yake auna su.