Gadojin Benis da akwatin taya

Duk wanda ya yaba mana Benis hoton kwalekwale ya nuna mana, ba wanda ya ce mu rage kaya. Garin nan na Italiya ba mota a cikinsa, gadoji sun haura 400, galibinsu kuma matakala ne. Daga tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia zuwa masaukinmu gada shida muka haye. Maigida ya haye da nasa akwatin, ya dawo ya ɗauki nawa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. A gada ta huɗu tayar akwatina ta ɓalle ta gangara cikin ruwa ina kallo.

Nan fa rai ya ɓaci. "Hajiya, sai da na ce ki rage atamfofin nan." Na ce, "Alhaji, ai kai ka hana mu hau jirgin ruwan haya saboda Yuro 9.50." Har muka isa ba mai ce wa wani uffan.

Sai da yamma a kan gadar Riyalto muka shirya. Amma wallahi har yau abin na ci mini rai: masaukin ya rubuta "minti 10 daga tasha", ko matakala ɗaya bai ambata ba.