Ƙarfen taga da kyamara ba su isa ba

Wani labari kan kare gida daga ɓarayi ya ce a saka kyamarar tsaro ta CCTV da ƙarafuna a kowace taga, shi ke nan an tsira. To da wace wutar kyamarar za ta yi aiki, a unguwar da ake kwana uku ba a kawo ba? Kuma in gobara ta tashi da hunturu, ta ina iyali za su fita? A bar taga ɗaya mai kwaɗo, makulli a kusa. Akwai kuma mai cewa sai ka damƙe ɓarawon; malam, ajiye jarumtar nan. In ɓarawon na da makami, ku kulle kanku a ɗaki da yara, a kira lambar gaggawa ta 112. Mu a layinmu usur muka raba gida-gida, 'yan sintiri suna ji. Me ya sa ba a ambaci maƙwabta ba ko sau ɗaya?