Idan bindiga ta rufe kotu, wa zai tsaya wa marar ƙarfi?

Watannin baya wata baiwar Allah ta sauka a layinmu na Aboabo, a nan Kumasi, da 'ya'ya uku da ɗan ƙullin kaya. Daga yankin Bawku na arewacin Gana ta fito. Mijinta ya rasu a cikin rikicin da ake yi a can, ta yi takaba a gidan 'yar uwarta, tana fita sai labari ya iske ta cewa dangin marigayin sun sa gidansa a kasuwa. Da yamma ta same ni a ƙofar gida.

"Ɗana, an ce kai ne ɗan bokon layin nan. Ina ake kai ƙara idan mutum ba shi da kuɗin lauya?"

Na ce, "Mma, kina da takardar aure?"

Ta dube ni kamar na yi mata Girkanci. "Wace takarda? A masallaci aka ɗaura, aka raba goro, duk unguwa ta shaida."

Limamin da ya ɗaura ya riga mu gidan gaskiya. Waliyyinta ya tsallaka Togo. Unguwar da ta shaida ta watse, wasu suna Techiman, wasu suna Ashaiman.

Ita ce ke faɗo mini a rai duk lokacin da na ji manyanmu na yabon yadda Yukiren ta riƙe shari'arta a tsakiyar yaƙi. Yabon ya dace. Tun ranar 24 ga Fabrairun 2022 da Rasha ta auka wa ƙasar, kotuna ba su daina zama ba. Garin da ya faɗa hannun abokan gaba, ko wuta ta yi yawa, sai Kotun Ƙoli ta mayar da shari'o'insa wata kotu a inda ke da sauƙi. Mutum na gudun hijira a Lviv ko a Foland, ya buɗe manhajar gwamnati mai suna Diia a wayarsa, ya nuna fasfonsa, ya kai rahoton gidansa da bam ya rusa, ya nemi diyya. Rajistar asarar yaƙi da ƙasashen Turai suka kafa a birnin Hague a 2023 ma ta wannan manhaja ta fara karɓar koke a Afrilun 2024.

Wannan shi ne ɓangaren da ake son faɗa a taron bita a otal, domin yana da ƙyalli, kuma akwai kwangila a cikinsa. Ni abin da ya tsaya mini shi ne shekarun. Dokar ba da lauya kyauta a Yukiren ta 2011 ce. A 2013 aka fara tura lauya ga wanda aka kama, a 2015 aka faɗaɗa zuwa shari'ar gado da gida da aiki da makamantansu, aka baza ofisoshi har ƙananan garuruwa. Diia kuwa sai 2020 ta fito. Wato lauyoyin sun riga manhajar da shekaru. Kuma kwanaki kaɗan kafin harin, majalisarsu ta gyara doka domin a iya kwashe bayanan gwamnati zuwa rumbunan ajiya na intanet a wajen ƙasa. Tsarin mulkinsu ma ya lissafa haƙƙoƙin da dokar ta-ɓaci ba ta isa ta taɓa ba, a ciki har da zuwa kotu da samun lauya. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kam sun fafe nasu tun da sauran rana.

To mu fa? Kada wani ya ce Gana ba ta yaƙi. Alhamdu lillahi ba ma yi, Allah ya ƙara tsarewa. Amma wanda ya kwana shekaru a ƙarƙashin dokar hana fita a Bawku, ko direban da ke jiran rakiyar soja kafin ya bi hanyar Walewale, ko manomin Burkina Faso da ya tsallako da iyalinsa yana gudun 'yan bindiga, ba ya bukatar a yi masa fassarar kalmar yaƙi. A ƙarshen Oktoban 2024, Babbar Jojin ƙasa ta lokacin, Gertrude Torkornoo, ta ba da umarnin rufe kotuna bakwai a jihar Upper East saboda rikicin Bawku, har da Babbar Kotun Bolgatanga. Ban ga laifinta ba. Alƙali da magatakarda mutane ne masu iyali, ba wanda zai ce su zauna harsashi na yawo. Sai dai tsarin mulkinmu na 1992 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin awa 48. A kwanakin da ƙofofin nan ke garƙame, yaron da aka kwashe a samame gaban wa za a kai shi? Lokacin da aka fi kama mutane shi ne lokacin da aka fi rasa mai tambayar dalilin kamun.

A nan ne fasaha ke da amfani na gaske, kuma ba na cikin masu yi mata kallon raini. Da a ce fayil ɗin kowace ƙara yana cikin kwamfuta, alƙali a Tamale ko Kumasi zai iya sauraron neman beli ta bidiyo a rana guda. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun 2007 shirin da ke kai kotu cikin gidajen yari yake sako mutanen da suka shekara suna jiran shari'a a kurkukun Nsawam da babban kurkukun Kumasi, waɗansunsu don kawai takardunsu sun ɓace ko ɗan sandan da ke riƙe da ƙarar an yi masa canjin wurin aiki. A 2018 aka ƙaddamar da tsarin bin sawun ƙara daga ofishin 'yan sanda har zuwa gidan yari. A Maris ɗin 2019 Shugaba Akufo-Addo ya buɗe tsarin shigar da ƙara ta intanet a babban ginin kotuna na Akra. Duk wanda ya taɓa jin magatakarda ya ce masa "ba a ga fayil ɗinka ba, ka dawo wani makon" ya san darajar wannan.

Amma a tambayi wa tsarin ya fi yi wa aiki. Lauyan kamfani mai ofis a Ridge, da janareto da sakatare, shi ya fara morewa. Mai sayar da koko a Sawaba ba ta da adireshin imel, wayarta ta kira ce da karɓar momo, wato kuɗin da ake turowa ta waya, kuma ko an karanta mata shafin, Turancin lauyoyi ne. Ita mutum take bukata, mai jin Hausa ko Kusal ko Mampruli, wanda zai zauna ya saurare ta har ta gama kuka, sannan ya ce mata ga abin da doka ta ba ki.

Wannan mutumin doka ta tanade shi. Sashe na 294 na tsarin mulki ya yi maganar taimakon lauya, dokar 2018 kuma ta mayar da tsohon shirin ya zama hukuma mai zaman kanta, da sashen kare wanda ake tuhuma, da na ba da shawara, da na sulhu, har da asusu na musamman. A takarda ba abin da ya rage. A ƙasa kuwa lauyoyin hukumar 'yan ƙalilan ne, albashin bai kai ya riƙe ƙwararre ba, kuma lauyoyin ƙasar nan gaba ɗaya sun taru ne a Akra da Kumasi. Arewa, inda wutar take, can ne suka fi ƙaranci. Idan da za a ba ni zaɓi tsakanin sabuwar manhaja da lauyoyi goma masu babur a Bolgatanga da Zebilla da Garu, ba zan yi dogon tunani ba.

Kuma na'ura ma abin hari ce. A Disamban 2024 masu kutse suka kai wa rajistocin ma'aikatar shari'ar Yukiren farmaki, aka yi makonni cinikin gidaje na tangal-tangal, rajistar aure da haihuwa ta koma kan takarda da biro. Ƙasar da ta fi mu ƙwarewa ke nan. Mu da dumso, wato ɗauke wutar lantarki, kaɗai ya isa ya ɗage zaman kotu, bai kamata mu yar da takarda ba.

Yanzu bari in juyo gida, domin ba kowane laifi ne na gwamnati ba. Kwamfuta ba ta adana abin da ba a rubuta ba. Mu mutanen zango mun gaji rayuwa ta amana da shaidar baki: an sayi fili a gaban sarki da dattijai biyu, an ɗaura aure a gaban jama'a, an ba da bashin albasa buhu hamsin a kan kalma. Wannan tsari yana da kyau matuƙar unguwa na nan. Rikici kuwa unguwar yake fara ci. Tun 1907 akwai dokar rajistar auren Musulmi a ƙasar nan, wadda ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurawa, ango da waliyyi da shaidu biyu da limami mai lasisi. Mu nawa muka yi? Gaskiya ne mako guda ya yi kaɗan, kuma limamai masu lasisin ba su da yawa, dokar na neman gyara. Gaskiya ne kuma kotu kan iya karɓar auren da ba a yi wa rajista ba a matsayin na gargajiya, dokar gado ta 1985 ta ba matar da 'ya'yanta kaso mafi tsoka. Sai dai komai ya rataya a kan shaidu. Mu da ake yi wa tambayar ƙwaƙwa a wajen karɓar katin ɗan ƙasa saboda sunayenmu, mu ya kamata mu fi kowa riƙon takarda.

Abin ba ya bukatar tallafin Bankin Duniya. Kowane masallacin Juma'a a Asawase da Aboabo da Tafo zai iya ajiye littafin aure da na suna, matasan da ke yini a TikTok su ɗauki hoton kowane shafi su adana a wuri biyu ko uku. Fadar Sarkin Zango za ta iya neman hukumar taimakon lauya ta riƙa zama a can ko sau ɗaya a wata, da tafinta. 'Ya'yanmu da suka karanta lauya, waɗanda muke alfahari da hotunansu da farar hular gashi, su ba unguwa Asabar ɗaya.

Ita kuwa Mma, mun yi sa'a. Bayan kiraye-kiraye na kusan mako biyu, aka samo ɗaya daga cikin shaidun aurenta, wani tsohon mahauci a Techiman. Ya ce yana tuna ranar sarai, domin shi ya yanka ragon walima. Ƙafarsa ba ta ɗaukar doguwar tafiya, sai jikansa ya haɗa mu ta WhatsApp, muka ga juna, ya faɗi sadakin da sunan waliyyin. Lauyar da ta karɓi maganar ta ce wannan bai wadatar ba, sai an rubuta an rantsar da shi a gaban mai ikon rantsarwa. Ranar Laraba za mu hau motar Techiman, 'yan layi sun haɗa kuɗin mota.