Kafin ku tura yaro Umara, ku zauna da shi kan riyal da layin waya

Duk lokacin hutu, musamman da azumi, za ka ga an haɗa yaro ɗan shekara 15 ko 16 da kawunsa ko gwaggonsa ko ayarin Islamiyyarsu zuwa Umara. An biya kujera, an biya biza da masauki, an yi ɗinki. Sai ana gobe tafiya a tuna da guzuri, a danƙa masa ambulan a ce ya riƙe da kyau, in ya sauka ya kira. Ni a ganina zaman da ya fi muhimmanci shi ne wanda ba a yi ba: a ajiye yaron a gaba tun da sauran mako guda, a yi lissafin kuɗinsa da shi, a saita wayarsa yana kallo.

Lissafin kuma da riyal za a yi shi, ba da naira ba. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya, naira ce ke hawa da sauka. Yaron da ke juya farashin kowace robar ruwa zuwa naira, ko dai tsoro ya hana shi cin abinci, ko ya gaji ya daina lissafin gaba ɗaya. A canzo kuɗin tun daga gida, a Wapa ko wurin ɗan canjin da aka sani, kuma a roƙe shi ƙananan takardu, 'yan 5 da 'yan 10 da 'yan 50. Takardar 500 a hannun yaro fitina ce. Mai shago zai ce ba canji, in kuma ta fashe, kafin dare ta narke.

A raba kuɗin kashi uku. Na farko na yau da kullum. Misali in kwana 10 zai yi kuma an ware masa riyal 600, to 60 ke nan a rana, babban da ke tare da shi ya riƙa ba shi na kwana biyu biyu. A tambayi kamfanin tafiyar ko akwai abinci a cikin kuɗin kujera, kuma sau nawa a rana, domin wannan amsar kaɗai kan iya ninka adadin. A sa masa ƙananan abubuwan da ake mantawa: aski bayan sa'ayi, kuɗin mota zuwa Tan'im in zai ƙara Umara, wanki, da silifas, don da wuya mutum ya gama zirga-zirgar Harami takalminsa bai ɓata ba. Kashi na biyu na tsaraba, kuma ba a taɓa shi sai kwana biyun ƙarshe. A rubuta sunayen waɗanda zai yi wa da abin da za a kashe wa kowa, in ba haka ba dabino da turare da jallabiya za su cinye kuɗin abincinsa, sannan a zo wurin awo a ce kaya sun yi nauyi a nemi ƙari. Na uku na ko-ta-kwana, yana hannun babba, sai riyal 50 guda da za a naɗe a cikin ɗamarar ihraminsa. Ihrami ba shi da aljihu, wannan ɗamarar ita ce jakarsa.

Katin banki kuwa kada a dogara da shi shi kaɗai. Kowane banki da iyakar da ya sa wa katin naira a ƙasar waje, a je a tambaya. In na'urar shago ta ba da zaɓi, ya zaɓi biya da riyal, don canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada.

Sai waya, inda kuɗi ya fi zurarewa ba a sani ba.

A bar layin gida a cikin wayar, a tabbatar an buɗe masa romin, wato damar yin aiki a ƙasar waje, amma a kashe datarsa ƙaf. Amfaninsa kawai karɓar saƙon banki da lambar tabbatarwa. In aka bar datar a kunne, wayar da kanta za ta fara sabunta manhajoji da ɗora hotuna tun jirgi na sauka Jidda, kuɗin da ke kan layin ya ƙare kafin ya ɗauki jaka. Ramin layi na biyu a wayar a bar shi wa layin can, STC ko Mobily ko Zain. Ana sayar da su a filin jirgin Jidda da na Madina, da fasfo ake rajista, ya yi a gaban babba. Tun a gida a gwada wani layi dabam a wayar. Wayoyin hannu da ake shigowa da su daga Amurka wasunsu a kulle suke da kamfani ɗaya, kuma ba a Makka ya kamata a gano haka ba. Masu cewa a sayi eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba, ta intanet ba su yi ƙarya ba, sai dai yawancin Tecno da Itel da ke hannun yaranmu ba sa ɗauka.

WhatsApp ɗinsa zai ci gaba da aiki da lambar gida ko da ya sa sabon layi, kada ya taɓa wurin canza lamba. Amma kiran murya na WhatsApp ya daɗe yana ba da matsala a layukan Saudiyya, saboda haka a sauke manhaja ta biyu kamar IMO a wayarsa da ta mahaifiyarsa, a gwada kafin tafiya. A kuma tsayar da lokacin kira sau ɗaya a rana. Agogon can yana gaban namu da awa biyu, bayan isha'insu ya yi daidai. Uwar da ke kira sau goma tana hana yaro ibada, ranar da caji ya ƙare kuma gida ya rikice a banza.

Data ba taswira ke cinye ta ba, bidiyo ne. Awa guda a TikTok na iya lashe kusan giga ɗaya. A sauke taswirar Makka da Madina a Google Maps tun a gida, a sa alama a masauki, a sauke manhajar Nusuk don neman izinin shiga Rauda, a mayar da ɗora hotuna sai an hau intanet ɗin masauki. A ja masa kunne kan ɗaukar mutane bidiyo ba da izininsu ba, laifi ne a dokar ƙasar.

Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, amma wanda ya taso daga Maraɗi ko Damagaram da caja mai baki biyu zagaye ya nemi mahaɗi. Fawa bank a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kayan awo ba, mai 10,000 ko 20,000 ya wadatar.

A filin jirgi ya ɗauki hoton jakunkunansa da lambar da aka manna musu, ya turo gida nan take, kuma kada ya karɓi saƙon kowa komai ƙanƙantarsa. Ba a manta da ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a ƙarshen 2018 kan jakar da aka liƙa wa sunanta ba ta sani ba, sai da ta yi watanni a tsare kafin gaskiya ta fito. Goro ma ya bar shi a gida.

Waya na iya ɓata a cunkoson ɗawafi ko ta mutu. Don haka a danna *#06# a rubuta lambar shaidar wayar (IMEI) da za ta fito a ajiye a gida, a kunna manhajar gano waya, a sa mata makulli. Sannan a samu ɗan kati a rubuta da biro: sunan masauki da Larabci, lambar jagoran ayari mai farawa da +966, lambar gida mai +234 ko +227, da 997 ta motar asibiti. Katin ya shiga ɗamara tare da riyal 50 ɗin nan, lambar jagoran kuma ya haddace ta, a sa shi ya karanto da ka kafin ya bar gida.