Rawa ba ado ba ce, ita ke nuna wa kunne hanya

Wai har yanzu ana jayayya a kan bidiyon waƙar nan da wasu yara suka taka rawa a cikinsa? Na ga wani ya rubuta cewa masu rawar cikon benci ne kawai, wai waƙa mai daɗi ba ta buƙatar kowa ya yi tsalle a gabanta. Haba malam! Waƙar nan ta yi watanni da fitowa ba wanda ya kula ta, sai da yaran nan suka taka ta kowa ya fara rera ta. Yanzu kuma su ne cikon benci?

Mai tsara rawa kunnenka yake ja ya kai shi inda ya kamata. Akwai ɗan bugun ganga da ke laɓe a bayan murya, ka saurara sau goma bai shige ka ba. Ranar da ka ga kafaɗa ta faɗi daidai kansa, shi ke nan, duk sanda waƙar ta tashi shi za ka fara ji. Kiɗan bai canza ba, jinka ne ya canza.

Kuma ba zancen baki ba ne. A 2005 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada sun sa wa jarirai 'yan wata bakwai wani kiɗa da ba a ƙarfafa bugu ko ɗaya a cikinsa ba. Wasu aka riƙa jijjiga su a kowane bugu na biyu, wasu a na uku. Daga baya jariran sun fi karkata ga kiɗan da ya dace da yadda aka jijjiga su. Jariri fa, da ko magana bai fara ba!

A 1913 a birnin Faris, 'yan kallo sun tada hayaniya a wani wasan rawa da ɗan Rasha mai tsara kiɗa Stravinsky ya yi wa kiɗa, ɗan rawa Nijinsky ya tsara rawarsa, har masu rawar ba sa jin makaɗa. A 1914 aka buga kiɗan nan ba rawa, jama'a suka yi ta tafi. Abin da ke iya juya zuciyar mai sauraro haka, shi za a kira ado?

Na san za a ce, to mai jin rediyo fa? Ku dubi ƙafarsa a ƙarƙashin kujera, sannan ku dawo mu yi magana.

Wallahi abin yana min ciwo. Mutum ya kwashe makonni yana ƙirga taku, gwiwa na ciwo, a ƙarshe ko sunansa ba a sawa a bidiyo.

Ku kuma masu haɗa bidiyo, don Allah ku daina yanke ƙafafun masu rawa. Kowace daƙiƙa kun sauya hoto, kun cika mana ido da fuskar mawaƙi. Ku ja kyamara baya mu ga takun.